Karen da Ba Ya Taɓuwa: Abin da Makonni 14 na Farko Ke Yi wa Ɗan Kwikwiyo

Wani hunturu, shekarun baya, na kira likitan dabbobi gida don ya yi wa karenmu allurar rigakafin haukan kare. Gidan namu yana bayan garin Jos ne ta hanyar Bukuru, inda katanga kaɗai ba ta ba mutum barci, shi ya sa muka ajiye kare. Likita ya zo da 'yar jakarsa mai ƙanƙara, ya zuƙi ruwan allura, ya ce a riƙe masa. Mu uku muka taso, amma babu wanda ya iya kai hannu. Karen ya maƙure a kusurwar keji, ya yage baki, jikinsa na ɓari, har fitsari ya saki. Sai da aka sa igiya da sanda aka danne shi, kuma da aka samu aka buɗe kunnensa, kaska ce jere kamar an shuka.

Likita ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe rabon da wani ya taɓa kunnen karen nan?" Na ce tun da aka kawo shi babu wanda ya taɓa. Shawarar da na bi ke nan, kuma wanda ya ba ni ita, wani kawuna, da zuciya ɗaya ya ba ni. Cewa ya yi, "Ɗana, in kana so ya yi zafi, kada ka bari ya saba da hannu. Ka kulle shi da rana, ka sake shi da dare." Mutane da yawa a Jos a kan wannan fahimtar suke, Musulmi da Kirista, mai babban karen Turawa nau'in Alsashiyan a Rayfield da mai karen gida a Rikkos. Ni ma na daɗe a kanta. Yanzu na tabbata kuskure ce, kuma kuskure mai tsada, don kare ne ke fara biyan kuɗinta, sannan yaran gida su biyo baya.

Don a gane dalili, sai an koma ga yadda ɗan kwikwiyo yake zuwa duniya. Idonsa a rufe ake haifarsa, kunnensa a toshe. Ido yakan buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14, kunne ya biyo baya da 'yan kwanaki. A wannan lokacin ɗumi da ƙanshin uwa da nono kawai ya sani, ko ɗumin jikinsa ba ya iya riƙewa da kansa, abin da ya sa sanyin Jos na Disamba da Janairu kan kashe 'ya'yan da aka bari a kan siminti tsirara. Daga mako na 3 sai abubuwa su sauya. Ya fara gani, ya fara ji, ya fara tafiya yana tangaɗi, kuma, abin da ya fi muhimmanci, bai riga ya koyi tsoro ba. Duk abin da ya gani zuwa yake yi ya shinshina. Wannan ƙofa tana buɗe daga mako na 3 zuwa wajen mako na 12 ko 14. Abin da ya shiga ta cikinta cikin lumana, kare yakan ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na rayuwa har ya mutu. Abin da bai shiga ba kuwa, baƙo ne, kuma kare da baƙon abu sai hattara.

Ba hasashe ba ne wannan. A jihar Maine ta Amurka, wasu masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna renon ɗaruruwan 'ya'yan karnuka suna rubuta halinsu mako bayan mako, suka fitar da sakamakon aikinsu a 1965. A wani gwajin da aka yi a can Maine ɗin, aka buga a 1961, an bar 'ya'yan karnuka da uwayensu a wani fili da aka killace, ba sa hulɗa da mutum. Sai a ɗauko wasu suna da mako 2, wasu 3, wasu 5, wasu 7, wasu 9, a yi mako guda ana wasa da su, a mayar. Wasu kuma ba a taɓa su ba sai da suka kai mako 14. Waɗanda aka ɗauko wajen mako 5 zuwa 7 su suka fi sakin jiki da mutum. Waɗanda aka bari har mako 14 kuwa sun zama kamar namun daji, gudun mutum suke yi, kuma lallashin da aka yi daga baya bai warkar da su yadda ya kamata ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai ɗanyen kare bai wuce wata uku da 'yan kwanaki ba.

To, a nan ne shawarar kawuna ta kauce. Gaskiya ne karen da aka kulle, aka hana shi hannu, zai yi haushi, zai yi gurnani, zai yi cizo. Amma tsoro ne ke sa shi, kuma matsoracin kare ba ya tantancewa. Bai san bambancin ɓarawo da mai kawo ruwa ba, bai san bambancin mai tsallake katanga da 'yar maƙwabta da ta shigo karɓar wuta ba, don duk baƙi ne a wurinsa. Gadin gida kuwa ba koya wa kare ake yi ta hanyar hana shi mutane ba. Halin tsare yankinsa yana cikin jininsa, yakan fito da kansa yayin da ya fara balaga, daga wata 6 zuwa sama, wasu manyan nau'o'in ma sai sun kusa shekara biyu. Karen da ya saba da yadda mutanen kirki ke shigowa ta ƙofa da sallama, shi ne ya fi saurin gane cewa mai sanɗa ta bayan gida da tsakar dare ba daidai yake ba. Mafarautanmu sun daɗe da sanin haka. Dubi yadda maharbi ke tafe da karnukansa cikin gari ba sarƙa, yara na wucewa, ba su ko ɗaga kai, amma a daji ba sa wasa.

Sai mu zo kan aikin kansa, wato yadda ake sabar da ɗan kwikwiyo da hannu. Dokar ɗaya ce, kuma tsarinta na da muhimmanci: taɓawa tukuna, sannan abinci ya biyo baya nan take. Ka taɓa kunne, ka ba shi ɗan guntun nama, ka janye hannu. Ka sake. Abin da ke faruwa a kansa shi ne abin da Ivan Pavlov, masanin nan ɗan Rasha, ya nuna da karnukansa fiye da shekara 100 da suka wuce: duk abin da ke zuwa gabanin abinci, dabba takan ɗauke shi albishir. Idan ka juya tsarin, ka nuna nama tukuna sannan ka kama shi, to ka koya masa cewa nama tarko ne, kuma wata rana zai ga nama a hannunka ya ja da baya. Na ga masu kiwo da dama sun faɗa wannan ramin, suna mamakin yadda karensu ya daina zuwa in an kira shi da abinci.

Ba dogon zama ake yi ba. Minti ɗaya ko biyu, sau uku ko huɗu a rana, lokacin da ya gama wasa jikinsa ya yi sanyi. Abin da za a ba shi kuwa kada ya wuce girman ƙwayar wake: dafaffen nama, ɗan ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, ko ma abincinsa na yau da kullum a raba shi a hannu maimakon a zuba a kwano. A guji kilishi da tsire saboda yaji da albasa, don albasa na lalata jinin kare. Haka cakulan da goro da inabi, duk guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya soke hanji.

Wuraren da ake bi su ne wuraren da wata rana dole a taɓa. Kunne na gaba, saboda kaska can take fakewa, da tsakanin yatsu, da hammata, da ƙarƙashin wuya. Ka ɗaga kunnen, ka leƙa ciki, ka shinshina ma, don kunnen da ya kamu da ciwo wari yake yi. Sai ƙafa, wadda karnuka suka fi ƙyamar a riƙe. Kada ka fara da damƙa. Shafa daga kafaɗa zuwa ƙasa, ka tsaya a gwiwa, ka ba da lada. Gobe ka kai dagi. Jibi ka ɗaga shi na daƙiƙa ɗaya. Sai bayan kwanaki ka fara buɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan matsa farce. In an zo yankan farce, bakin farcen kawai ake cirewa, don akwai jijiyar jini a ciki, kuma yanka ɗaya da ya kai ga jini na iya rushe aikin wata guda.

Baki ya cancanci a daɗe a kansa. Ɗan kwikwiyo na da haƙoran yarinta 28, masu tsini kamar allura, daga wajen wata 4 sai su fara zubewa, 42 na girma su maye gurbinsu zuwa wata 6 ko 7. A lokacin famfarar nan dasashi na masa ƙaiƙayi da zafi, don haka a sassauta. Abin da ake so shi ne ya yarda a ɗaga leɓensa a kalli dasashi. Dasashin lafiyayyen kare ja-ja ne mai haske. In ka ga ya koma fari fat, to jini ya yi ƙasa, kuma a wurinmu abin da ya fi kawo haka tsutsar ciki ce ko cutar da kaska ke sakawa a jini. Mai karen da ke iya duba wannan kullum yakan gano ciwo tun kafin kare ya kwanta. Haka kuma ranar da za a ba shi ƙwayar maganin tsutsa, ko ya haɗiyi wani abu ya maƙale, hannun da ya saba shiga bakinsa ne kawai zai yi amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai riƙo guda biyu da nake ganin sun fi kowanne ceton rai. Na farko kama abin wuya. Yawancin karnuka ba a kama musu wuya sai in za a ja su keji ko za a doke su, shi ya sa hannu na dosar wuyansu suke juyowa da haƙori. Ka riƙa kama abin wuyan sau da yawa a rana ba don komai ba, ka ba da lada, ka saki ya ci gaba da wasa. Ranar da aka bar ƙofa a buɗe ya nufi titi, wannan sabon ne zai ba ka damar cafke shi. Na biyu riƙon likita: hannu ɗaya ya zagaye ƙarƙashin wuya, ɗayan ya zagaye ciki, ka jawo shi jikinka yana tsaye a kan benci ko tebur. Daƙiƙa biyu da farko, sannan biyar, sannan goma. Ka ɗan tsunkuli fatar bayan wuya a hankali, inda ake soka allura, ka ɗaga wutsiya kamar yadda likita ke yi in zai auna zafin jiki. Ka sake shi a lokacin da ya natsu, kada ka jira sai ya fara fizga. Ɗaukarsa ma da ka'ida: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ƙugu. Ɗaga shi ta fatar wuya, ko ta ƙafafun gaba kamar yadda yara ke yi, ciwo ne, kuma ba ya mantawa.

Takunkumi ma a saba masa tun yana ƙarami, ko da kana ganin ba zai taɓa cizo ba, domin duk karen da mota ta buge ko ya karye zai iya kai wa mai shi baki saboda azaba. A sa ɗan nama a cikin takunkumin ya tura hancinsa da kansa, sai bayan kwanaki a fara ɗaurewa. Wanka kuwa a Jos sai da rana tsaka, da ruwan ɗumi, a goge shi ya bushe kafin la'asar.

Abin da ya fi wuya a duk wannan shi ne sanin lokacin tsayawa. Kare na magana tun kafin ya yi gurnani, mu ne ba ma sauraro. Yakan lashi hanci alhali ba abinci ya gani ba, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya kau da kai, kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, farin idonsa ya bayyana. In ya ƙi karɓar naman da ɗazu yake rububi, ka wuce gona da iri. In ya sandare ƙam, to saura ƙiris. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka koma matakin da ya yarda da shi jiya. Gurnani kuma kada a doke shi a kansa. Na san wannan na yi wa mutane nauyi, don muna ganin raini ne kare ya yi wa ubangidansa gurnani. Amma gurnani gargaɗi ne, kuma in ka kashe gargaɗin da bulala, tsoron na nan daram, abin da ka rage kawai shi ne sanarwar. Irin waɗannan karnukan ne ake cewa sun yi cizo ba zato ba tsammani. Wajen mako 8 zuwa 10 akwai ɗan lokacin da firgici ke kama su fiye da kullum, kuma abin takaici, a irin wannan ƙuruciyar ne wasu ke yanke musu kunne da wutsiya da reza, ko su ɗura musu barkono wai don su yi zafi. Babu abin da wannan ke ƙarawa sai darasin cewa hannun mutum azaba ne.

Hannu ɗaya ba ya isa. Karen da maigida kaɗai ya taɓa, maigida kaɗai ya sani. Ya kamata ya ga mace da hijabi, dattijo da babbar riga da sanda, ɗan acaba da hular kwano, mai lema a damina, yaro da jakar makaranta. Ya ji ƙarar janareto da babur da daka a turmi da tsawar da ke zuwa da ruwan Jos, daga nesa tukuna, yana cin abinci. Ya ga awaki da kaji yana kan igiya. Yara su shiga aikin, amma da babba a tsaye, su zauna ƙasa su bar shi ya zo da kansa, kuma su san abu uku da ba a yi: ba a taɓa kare yana ci, ba a tashe shi daga barci da hannu, ba a kusantar karya mai shayarwa. Maganar kwanon abinci kuwa, maimakon a riƙa fizge shi don a nuna masa waye babba, a riƙa wucewa ana jefa abin da ya fi daɗi a ciki. Da haka yake koyon cewa zuwan mutum ƙari ne.

Sai dai akwai sarƙaƙiya a nan da ba za a tsallake ba. Makonnin da ake so ya ga duniya su ne makonnin da rigakafinsa bai kammala ba. Allurar farko akan yi ta ne a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har zuwa mako 16, ta haukan kare kuma daga wata 3. Cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, na kashe 'ya'yan karnuka cikin kwanaki, kuma ƙwayarta na daɗewa a ƙasa watanni. In ka kulle shi har sai allura ta cika, ƙofar sabo ta rufe. In ka sake shi a bola da bakin titi, ka miƙa shi ga cuta. Mafita ita ce a kawo masa duniya gida: baƙi su wanke hannu su taɓa shi, a fita da shi a rungume ko a mota, kada ƙafarsa ta taka inda karnukan waje ke kashi. Haka kuma kada a sayi wanda bai kai mako 8 ba, duk arharsa. A wurin uwa da 'yan uwansa yake koyon ƙarfin baki, in ya ciji ɗan uwansa da zafi sai wasa ya tsaya, kuma waɗanda ake tallarsu a kwali suna da wata guda sun rasa wannan makarantar. In da hali, a ga uwar ma, don tsoro na bin jini.

Na san akwai mai karatun da ke cewa, duk wannan taɓe-taɓen fa, ina batun tsarki? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun yi bayani. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, rayayyen kare da yawunsa ba najasa ba ne, ko da yake an yi umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, sauran mazhabobi kuma sun fi tsanantawa. Hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya ware riga ɗaya ta wannan aikin, ya sa safar hannu, ya jefa ladan a ƙasa ko ya miƙa da cokali, ya wanke hannu bayan ya gama. Wanda kuwa ya ga ba zai iya taɓa kare ba ko ta halin ƙaƙa, kuma babu wanda zai yi masa a gidan, ni a ganina gara ya haƙura da kiwon. Dabbar da ka ɗaure, ciwonta da yunwarta na wuyanka.

Dalilin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. Ga mu nan kusa da Vom, inda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924, wadda ke haɗa allurar rigakafin wannan cuta. Allurar na kusa da mu, amma ba ta shiga jikin karen da ba ya kamuwa. Mai shi yakan ce sai wani jiƙon, wani jiƙon ya zama shekaru. In kuwa cizo ya auku, ko da ƙarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Wanda karensa ya riga ya girma ba a taɓa shi ba, hanyar ita ce dai wannan, sai dai abin da ɗan kwikwiyo ke koya a mako, babba sai ya ɗauki watanni, kuma wataƙila ba zai taɓa sakewa da baƙi ba. A fara daga nesa, a jefa nama a wuce ba tare da kallonsa ido cikin ido ba, a saba masa da takunkumi kafin komai, yara su yi nisa, a kuma nemi likitan dabbobi ya duba ko akwai ciwon da ke ƙara masa zafin rai. Namu karen sai da na yi wata huɗu a haka kafin ya bar ni na ɗaga kunnensa. Wanda muka kawo bayansa, yana da mako 8 na fara ɗora shi a benci kowace safiya bayan na dawo daga masallaci, kuma ban daina ba ko da ya kai wata 8 ya fara taurin kai irin na samartaka. Ranar allurarsa ta shekara, ni kaɗai na riƙe shi, ɗana na ba shi guntun ƙwai, likita ya soka ya zare yana ta tauna.